FC 26: Competitive ko Authentic, wanne ya fi daɗin gasa?

Duk wanda ya daɗe yana buga gem ɗin ƙwallo na FIFA ya san rigimar da ake yi duk shekara, wasu su ce gem ɗin ya cika gudu, wasu su ce a'a ya yi nauyi ɗan wasa ba ya juyawa da wuri. Har bayan da sunan ya koma FC a 2023 rigimar ba ta mutu ba. To a FC 26, wanda ya fito ranar 26 ga Satumba 2025 da hoton Bellingham da Musiala a jikin kwali, sai EA, kamfanin da ke yin gem ɗin, suka raba wasan gida biyu, akwai Competitive akwai Authentic. Competitive shi ne mai sauri, shi ake bugawa a Ultimate Team (inda kake haɗa ƙungiyarka da kanka) da Clubs (inda kai da abokai kowa ke riƙe ɗan wasa ɗaya) idan ka hau onlayin. Authentic kuma an rage masa wuta, an yi shi don masu Career, wato tafiyar da kulob ko ɗan wasa kai da kwamfuta, da masu son ƙwallo irin ta fili. Na buga duka biyun a PS5, ni kaɗai a gida da kuma cikin mutane a gidan gem, kuma wannan rabuwar ita ce kawai abin da nake son magana a kai don ita ce ta canza komai.

Bari in fara da Competitive tunda shi yawancinmu za mu fi taɓawa. Wallahi pad ɗin yana jin magana. Ka danna fasin ƙwallo ta tafi, ka juya ɗan wasa ya juya, babu wannan jan ƙafar da ke sa mutum ya ji kamar ba shi ke riƙe da wasan ba. Kuma an rage yadda kwamfuta ke tare maka baya, da can za ka ga mutum ya saki 'yan bayansa ya kama ɗan tsakiya ɗaya yana ta yawo da shi, su kuma na baya suna ƙwace masa ƙwallo da kansu, yanzu in ba ka iya tari da hannunka ba za ka sha ruwan ƙwallaye. Wannan na yaba masa sosai, domin gasa ai ita ce a ga hannun kowa.

Kuma a gidan gem abin yana da armashi ba kaɗan ba. Na ga wani wasa tsakanin yara biyu, ɗaya ya ɗauki Madrid ɗaya PSG, ana minti na tamanin da wani abu mai Madrid yana ƙasa da ƙwallo biyu, har na bayansa ya miƙo hannu zai karɓi pad, kawai sai ya jefa wa Mbappé wata doguwa ta bayan 'yan baya, raga, aka dawo tsakiya ya sake ƙwacewa ya ba Vinicius ya yanke gola, ɗakin nan gaba ɗaya ya tashi tsaye har mai shagon ya leƙo yana cewa a yi a hankali da wayar TV. Irin wannan farkewar sauri ne ke kawo ta. In wasa yana gudu ba wanda ke cire rai, wanda ake ci yana ganin zai iya dawowa, wanda ke ci ba ya sakin jiki, masu jiran layi ma ba sa gajiya don idonsu na kan allo. Dalilin da ya sa Free Fire ya kama matasa kenan a waya, mutum 50 ne kuma cikin kamar minti goma an gama an sake sabo, alhali PUBG mai mutum 100 sai ka yi ta rarrafe a ciyawa kusan rabin awa kafin a san wanda ya ci.

Amma fa ga inda nake da ja. Saurin nan yana cinye tsakiyar fili. Ƙwallo daga baya sai gaba, daga gaba sai baya, kamar ana wasan langa, ɗan tsakiya irin Pedri da aikinsa shi ne ya riƙe ƙwallo ya duba ya raba, sai ka ga ba ka ma da lokacin amfani da shi, kowa na neman mai gudu ne kawai. Sakamako kuma sai ka ji 6-5, 7-4, a wasan da kowane rabi minti shida ne ko ƙasa da haka, alhali a Firimiya ta gaske kusan ƙwallo uku ake ci a wasa ɗaya na minti casa'in. Farkon abin yana da daɗi, amma in kowane hari ƙwallo ne to ƙwallon ta rage daraja, ba ka jin wannan bugun zuciyar na 1-0 da kake karewa da haƙori. Kuma abin da ya fi damuna, kulob ɗin da mutum ya ɗauka yana yin tasiri fiye da kima. Ka ba matsakaicin ɗan wasa ƙungiya mai 'yan gaba masu gudu, ka ba gwani ƙungiya mai 'yan baya masu nauyi, gwanin zai sha wuya ba don an fi shi sanin ƙwallo ba. Shi ya sa a wurare da yawa in za a yi gasa sai an fara musu a kan wa zai ɗauki Madrid.

Sai maganar onlayin, wadda ta shafe mu kai tsaye. Iya saurin wasa iya yadda jinkirin netwok ke cutar da kai. In wasa a hankali yake, ɗan jinkiri kaɗan za ka iya rufe shi da tunani, ka riga ka san inda za ka bayar. Amma a Competitive kafin umarninka ya isa an riga an wuce ɗan bayanka, kana ganin abin da ya kamata ka yi, ka danna a kan lokaci, amma ɗan wasan sai daga baya ya motsa. Ranar da netwok ɗina ya yi kyau ina jin daɗin Rivals, gasar onlayin ta cikin Ultimate Team, ƙwarai, ranar da ya yi rauni gara in kashe in koma Career. Duk mai niyyar shiga gasar Champions ta ƙarshen mako da data ta waya ya yi wannan lissafin tun kafin ya kashe kuɗinsa.

Authentic kuwa wata duniya ce. 'Yan baya suna tsayawa a wurinsu, fili yana matsewa, dole ka yi fasin biyar shida kana neman ƙofa, in ka yi gaggawa ka ba da ita a banza. A nan ne na ji ina buga ƙwallo da kai, ina lura da wanda ya gaji, ina canji don akwai dalili, kwana ma tana da ma'ana. Wanda ya san ƙwallo ta gaske, mai kallon wasa duk mako yana gane dalilin da koci ya ja ɗan tsakiya baya, shi ne ke cin riba a nan. Tsofaffin 'yan PES, gem ɗin ƙwallo na kamfanin Konami, waɗanda har yau suke kewar PES 2021 tun da Konami ta mayar da shi eFootball, ina ganin nan za su fi sakewa.

Sai dai na gwada shi da abokai a Kick Off, wato wasan sada zumunci, kuma gaskiya ɗakin ya yi sanyi. Wasa ya tashi 0-0, na gaba 1-0, masu kallo suka koma danna waya, wani ya ce don Allah a mayar da mai gudun. Ban ga laifinsa ba, mutum ya biya kuɗin wasa ɗaya yana kuma tsoron a ɗauke wuta, ba zai so ya ƙare minti goma yana fasin a baya ba. Amma mu biyun da ke riƙe da pad, mu mun san wasan ya fi na ɗazu zafi, hannuna har gumi ya yi, don kuskure ɗaya ya isa ya kashe ka kuma babu tabbacin za ka samu damar ramawa. Wato mai kallo da mai bugawa ba abu ɗaya suke nema ba, kuma FC 26 ya fito da wannan fili ƙarara.

Abin da na so a ce an yi shi ne a buɗe wa Authentic ƙofar gasa ta onlayin shi ma, ko da ɓangare ɗaya ne, don masu son wasan natsuwa su gwada kansu da mutane ba da kwamfuta kaɗai ba. Sunan da aka ba ɗayan ma, Competitive, wato na gasa, yana sa yara su ɗauka cewa gudu shi ne gasa, ni kuma ban yarda da haka ba.

Kuɗinsa dala 70 ne a PS5 lokacin da ya fito, ba ƙaramin kuɗi ba ne in ka juya shi zuwa naira. In kana da gidan gem ko kuna haɗuwa da yawa ana wanda ya ci ya zauna, saye shi ka bar shi a Competitive, layi zai yi ta tafiya kuma ɗaki ba zai mutu ba. In kuwa gasa za ku shirya ta gaske mai kofi ko kuɗi, shawarata ku buga zagayen farko a Competitive, daga kusa da na ƙarshe ku koma Authentic ku ƙara mintunan rabi, sannan a hana kowa ɗaukar ƙungiya ɗaya sau biyu a jere.