Na'urar tsotse danshi ko ƙarin AC, ga mai garin da ke dunƙulewa

Wa alaikumus salam Malam. Tsakanin ƙarin AC da na'urar tsotse danshi da ka tambaya, saboda garinka da ke dunƙulewa, sayi na'urar tsotse danshin, irin mai kwampreso, ka bar AC ɗin da kake da shi ya ci gaba da aikinsa.

Mu garin ORS muke ƙullawa, wato haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, irin na tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO), giram 20.5 a kowace leda: gulukos 13.5, gishiri 2.6, sauran kuma sitiret da fotasiyam. Gishiri shi kaɗai yana fara jan ruwa ya narke ne idan danshin iska ya kai kashi 75 cikin ɗari, amma da zarar an haɗa shi da wasu sinadaran sai haɗin ya fara jiƙewa tun ƙasa da haka. Saman ƙwayoyin ya ɗan narke da dare, rana ta yi ya bushe, sai su manne da juna. Ƙulalan da kake gani ke nan. A watan Agusta, kafin mu samu na'urar, mazurarin injin ƙulla ledar kan toshe tun da hantsi, yara na bubbuga gefensa da gudumar roba, wata leda ta fito a cike, wata da saura. Abin da ya fi damuna shi ne awo, domin yaro mai gudawa ne zai sha abin nan.

Da muka kafa na'urar muka toshe ƙasan ƙofa, mai shara ta fara zubar da bokiti cike da ruwa kowace safiya, har sai da muka sa tiyo. Ma'aunin danshi ya zauna tsakanin 40 da 50, gari na zuba kamar yashi, gudumar nan tana rataye a ƙusa har yau. Na'urar tana ɗan ɗumama ɗaki, shi ya sa na ce kada ka cire AC.

Shi AC, to, yana rage ruwa kaɗan, ba a hana shi wannan ba. Amma da ɗaki ya yi sanyi sai kwampresonsa ya tsaya, danshi ya dawo, kuma duron da ya kwana a sanyi kana fito da shi zai yi gumi.

In dai ƙwaya mai tafasa a ruwa kake shirin yi nan gaba, wannan zance daban ne. Ita tana son danshi ƙasa da kashi 25, sai na'ura mai faifan silika mai shanye danshi, irin ta kamfanin Munters, kuma tana shan dizal ba kaɗan ba.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Litocin ruwan da na'urar ke tsotsewa a rana, waɗanda ake rubutawa a jikin kwali, galibi a zafin digiri 30 da danshi kashi 80 aka auna su, a ɗakinka ba za ta ba da haka ba, don haka ɗauki wadda ta fi lissafinka. Wasu kuma 'yar ƙaramar ta ɗakin kwana suke manna wa takarda su ce ta masana'anta ce, ko 'yar kwatano da gas ɗinta ya tsiyaye. A kunna maka ita a shago, ka ga ruwa ya ɗiga kafin ka biya. Ma'aunin danshin ma ka gwada shi: jiƙa gishiri a murfin kwalba, rufe su tare a leda su kwana, ya kamata ya nuna kusan 75.

Wani zai ce ka zuba Aerosil, hodar silika mai hana gari dunƙulewa, a garin. Yana taimakawa, amma canza haɗi ne, sai da amincewar NAFDAC. Da hunturu kuma ka kashe na'urar, don bushewa in ta yi yawa gari zai dinga tashi yana manne wa bangon injin.