Wata shida a sabon jim: injinan kebul sun yi, amma ƙarfe ya yi kaɗan

Ni dai tun ina saurayi nake ɗaga ƙarfe a unguwa, irin namu na da, a cika gwangwanaye biyu da siminti a soka musu bututu, ko a samo tsofaffin ƙarafan mota a wajen 'yan gwangwan a zura a sanda. To bara sai kafaɗata ta dama ta fara damuna, in na kwanta a benci na tura ƙarfe sai in ji kamar ana soka min allura, shi ne wani abokina ya ce in gwada wani sabon jim, wato wajen motsa jiki, da aka buɗe a nan Kano. Yau wata shida kenan ina zuwa sau huɗu a sati.

Gaskiya da farko raina injinan kebul ɗin nan na yi, waɗanda ake jan nauyi da waya, gani nake na masu wasa ne. Kocin wajen, Allah ya saka masa da alheri, shi ya ce min "yayana ka bar benci na sati shida tukunna", ya kai ni gaban kebul ya saita shi daidai fuskata ya sa min nauyi kaɗan ya ce in dinga jawo igiyar zuwa goshi ina buɗe gwiwar hannu. Wallahi a sati na uku na fara jin sauƙi. Abin da na gane shi ne dambel, wato gajeren ƙarfen da ake ɗagawa da hannu ɗaya, ƙasa kawai yake janka, akwai inda za ka kai a motsin ka ji nauyin ya ragu, shi kuwa kebul tun daga farko har ƙarshe yana riƙe da kai, kuma kana iya ɗaga kurar da wayar take bi sama ko ka sauke ta ƙasa ka ja ta kusurwar da ba ta taɓa maka ciwon. Ga sauƙin canja nauyi, ka zare fil ka mayar shikenan. Akwai wasu dattawa biyu da muke haɗuwa da safe, ɗaya ya ce likita ne ya turo shi saboda siga, su kam ba don injinan nan ba ban ga yadda za su fara ba, kuma dama Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a sati, ba ta ce sai matasa ba.

Sai dai ya kamata a dinga yi wa sababbin zuwa bayani cewa lambar da ke jikin injin ba lallai ita ce nauyin da ke hannunka ba. Wasu injinan yadda aka zagaya wayar a kan kura rabin nauyin ne yake zuwa maka, ka sa 40 kana jan kusan 20. Na ga yaro ya tashi daga nan ya je ya ɗauki dambel mai nauyi yana zaton daidai yake da abin da ya saba ja, da ƙyar ya dire shi.

Inda nake da ƙorafi kuwa ɓangaren ƙarfe ne, kuma abin yana ci min rai sosai. Injina takwas na ƙirga a zauren amma wajen yin sikwat, wato tsugunawa da tashi da sanda a wuya, guda ɗaya tak, benci biyu, doguwar sanda mai kilo 20 guda biyu. Daga bayan la'asar zuwa magariba sai ka ga mutum biyar shida sun zagaye wajen sikwat suna jira jiki yana hucewa, ga injina can uku ko huɗu ba kowa a kansu. Dambel ɗinsu a kilo 25 ya tsaya, mai kilo 12.5 ma ɗaya ne ɗan'uwansa ya ɓace tun zuwana. Babu ƙananan faifai masu kilo 1.25 da 2.5, to wanda yake ɗaga 60 in zai ƙara dole ya yi tsalle zuwa 70, ai ta haka ake jin ciwo. Kuma duk kyan kebul ba zai ba ka abin da sikwat da ɗaga sanda daga ƙasa suke ba cinya da baya ba, don a nan kai ne kake riƙe nauyin da kanka kana daidaita jikinka.

Ga kuma maganar gyara. Lokacin hunturu ƙura ta shiga kurorin suka dinga ƙara, wata rana na lura robar jikin wayar injin jan baya ta sale har siraran wayoyin ciki sun fito suna tsinkewa, na nuna musu suka rufe shi, sati uku cur ana jiran sabuwar waya daga Legas. Shi ƙarfe kuwa in dai ba sace shi aka yi ba yana nan. Tsarin wajen ma akwai gyara, sandar nan tsawonta ya haura mita 2 amma an matse wajen sikwat kusa da babban injin kebul, mutum yana ƙasa da kilo 80 a wuya wani yana ratsawa ta gefensa.

Na samu manajan na ce ranka ya daɗe don Allah a rage injina biyu da suke aiki iri ɗaya a ƙaro wajen sikwat da ƙananan faifai, ya ce yawancin masu rajista injina suke tambaya in sun zo duba waje. Na yarda da shi, amma waɗanda suka wuce wata uku kusan duk ƙarfe suke komawa nema. Na sake biyan wata uku saboda kafaɗata da kuma kocin nan, ranar aikin ƙafa dai yanzu da na idar da sallar asuba nake tafiya kafin a cika.