Makarantar yarana: karatu madalla, wasanni kuwa sai abin da mai makaranta ta ce

Salam jama'a. Shekara uku kenan yarana biyu suna wata makarantar kuɗi a nan Kano, ba zan kama suna ba. Ta fannin karatu da tarbiyya ban da ƙorafi wallahi, malamai na zuwa kan lokaci, aji ba cunkoso. Sashen wasanninsu ne ya tsaya min a rai, tunda duk zango sai mun biya kuɗinsa daban.

Suna da malamin wasanni, gems masta ɗin nan, bawan Allah ne mai son aikinsa. Shi ya gano ɗiyata tana da gudu tun tana JS1, kullum bayan an tashi sai ya tsaya da su a fili da usur da agogonsa yana rubuta lokacin kowa a littafi, a mita 100 ba yarinyar da take kamo ta a gidansu na Kore, ɗaya daga cikin rukunonin da ake raba ɗalibai don wasanni. To amma da intahaus, wato gasar wasanni tsakanin gidajen makarantar, ya matso sai na gane ashe ba shi da ta cewa. Ya so a yi a farkon Fabrairun 2025 da sauran sanyin hunturu, Hajiya mai makaranta ta ce a'a sai ranar da babban baƙonta zai samu zuwa, aka kai shi ƙarshen wata dab da azumin da aka ɗauka ranar 1 ga Maris, rana ta fara zafi, yara suna tsaye a layin faretin tun ƙarfe tara baƙo bai iso ba sai wajen sha biyu, ƙanana biyu har jiri ya kwashe su, ruwan ma sai da iyaye muka fita muka sayo fiya wata.

Abin da ya fi ci min rai shi ne gudun miƙa sanda na mutum huɗu. Kowane gida akwai wani mai hali cikin iyaye da ake naɗawa uban gida, shi ke sayen riguna da rumfa da lemo, na yarda suna ƙoƙari Allah ya saka musu. Amma daren gasar aka cire ɗiyata aka sa 'yar uban gidan Kore, wadda ko atisaye ba ta cika zuwa ba. Na samu malamin na ce Malam yaya haka, ya sunkuyar da kai ya ce Maman yara ki yi haƙuri, daga ofis aka aiko da sunayen. Yarinya ta kwana tana kuka, ni ma ban runtsa ba.

Ƙwallon maza ma haka, an gayyace su gasar makarantu a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, shugaban PTA ya ce motar makaranta ba za ta fita ranar Asabar ba saboda kuɗin mai, magana ta mutu a nan, ba wanda ya tambayi yaran balle malaminsu.

A karatu na ba makarantar maki huɗu cikin biyar, wasanni biyu. Taron PTA mai zuwa in sha Allah zan miƙe in nemi a riƙa liƙa littafin lokutan nan na malam a allon sanarwa kafin a fitar da sunan kowa, kuma na riga na yi magana da iyaye uku da za su mara min baya.