Makarantar Koyon Tallan Kayan Ƙawa ko Kamfanin Dillanci: Da Wanne Za a Fara?

Mai sha'awar shiga sana'ar tallan kayan ƙawa, wato sanya tufafi ko kayan kwalliya a jiki don a nuna su ga masu saye, yakan tarar da hanyoyi uku a gabansa, wato makarantar da ke koyar da tafiya da tsayuwa a gaban kyamara, da kamfanin dillanci mai nema wa 'yan talla aiki, da kuma neman aiki da kai ta Instagram da makamantansa. Kafin ya zaɓi ɗaya, ya kamata ya binciki ta inda kowane wuri yake samun kuɗinsa, domin a nan ne bambancin yake.

Makaranta daga aljihun ɗalibi take ci, ko ya samu aiki bayan ya gama ko bai samu ba. Wannan ba aibi ba ne idan tana koyar da abin da ta yi alkawari, kuma wanda kunya ke daskarar da shi a gaban mutane zai iya amfana da 'yan makonnin atisaye. Sai dai manyan kamfanoni ba sa neman takardar shaidar makaranta, saboda haka a ganina bai dace a ɗauke ta a matsayin ƙofar shiga ba, balle a ci bashi dominta.

Kamfanin dillanci na gaskiya kuwa ba ya samun komai sai mai tallarsa ya yi aiki an biya, sannan ya cire la'adarsa, wadda a mafi yawan lokuta take kaiwa kashi 20 cikin 100. Haka tsofaffin kamfanoni irin su Ford Models, wanda aka kafa a New York a 1946, da Elite, wanda ya fara a Paris a 1972, suke aiki. Neman shiga ba ya buƙatar kuɗi. Abin da suke so shi ne hotuna kaɗan da aka ɗauka ko da wayar hannu ce, a hasken rana, jikin bango marar ado, fuska babu kwalliya, gashi a ɗaure baya, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe, ɗaya kuma na jiki gaba ɗaya. Ga masu tafiya a dandamali a bikin nuna tufafi, akan nemi tsawon mace ya kai wajen santimita 175, na namiji kuma wajen 183, amma tallan kayan shafa da na kamfanonin kasuwanci ya fi sassauci nesa ba kusa ba, abin da sababbin shiga da yawa ba sa lura da shi har su yanke ƙauna tun ba a je ko'ina ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wuraren da ke kiran kansu kamfanin dillanci alhali kuɗin rajista suke nema, ko su tilasta wa mutum ɗaukar hotuna masu tsada wajen mai hotonsu kaɗai. Dokar kare ma'aikatan wannan sana'a da ta fara aiki a jihar New York a 2025 ta hana karɓar kuɗin sa hannu, ta ƙayyade la'ada kada ta wuce kashi 20, ta kuma hana yarjejeniya ta zarce shekara uku. Ko a inda dokar ba ta aiki, ma'auni ne mai kyau na gane na ƙwarai.

Neman aiki da kai yana barin ladan duka a hannun mutum, amma ciniki da bin bashi da tantance baƙon da ya aiko saƙo duk suna wuyansa, kuma bai kamata ya je wurin ɗaukar hoto na farko ba tare da ɗan rakiya ba.

Idan kamfani ya miƙo yarjejeniya, a tafi da ita gida a karanta a tsanake, a duba tsawon wa'adinta, da ko tana sabunta kanta, da kuma kuɗin jirgi da masauki da za a riƙa cirewa daga lada, domin ta nan ne sabon mai talla kan gama aikin wata guda ya tarar kamfani ne yake binsa bashi.