Mita 90 a ƙarƙashin ƙasa: ziyarar ramin Big Pit na garin Blaenavon

Blaenavon ƙaramin gari ne a kan tuddan kudancin Wales, a ƙasar Birtaniya, wanda kwal da ƙarfe suka kafa shi, kuma tun shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sanya yankinsa cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da ya kai ni garin shi ne ramin Big Pit, wanda aka daina haƙar kwal a cikinsa a 1980, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1983.

Tun daga bakin rami baƙo zai gane cewa ba wurin wasa ya zo ba. Ana karɓe ashana da wayar hannu da duk wani abu mai batir, har agogo, domin tartsatsi guda ya isa ya kunna iskar gas idan ta taru. Daga nan sai a ba mutum hular kwano mai fitila, a ɗaura masa ɗamara mai nauyi, ya shiga kejin da ke kai mutane cikin rami, ya sauka da shi mita 90.

Jagoranmu ne ya sa na ga tafiyar ta biya wahalarta, domin tsohon mahaƙi ne da ya san aikin da hannunsa, yana magana ba tare da ƙari ko neman tausayi ba. Ya nuna mana bargar dawakan da suke jan kekunan kwal, sannan ya tsayar da mu gaban wata ƙofar da ke daidaita zagayawar iska a cikin rami, ya ce kowa ya kashe fitilarsa. Ban taɓa ganin duhu irin wannan ba, ko tafin hannuna ba na gani. A cikinsa ne ya bayyana mana yadda ƙananan yara suke zama su kaɗai tsawon yini suna buɗe irin wannan ƙofa suna rufewa, kafin dokar 1842 ta hana mata da yaran da ba su kai shekara goma ba aiki a ƙarƙashin ƙasa. Muka yi tsit, ko tari babu wanda ya yi.

Zagayen yana ɗaukar kusan minti 50. Akwai sanyi da laima, kuma dogon mutum zai sha sunkuyo, saboda haka a zo da rigar sanyi da takalmi mai ƙwari. Wanda ya fito da sauran ƙarfi ya leƙa ɗakin wankan mahaƙa na 1939, sannan ya ƙarasa tsohuwar maƙerar ƙarfen garin, wadda ta fara aiki a 1789.