Ofishin da ya kai ni raino Jamus

Tun da na dawo Maraɗi ba a sati ban samu wadda ta tare ni ba, ko a gidan biki ko ta WhatsApp, kuma tambayar guda ce: wane ofishi ya kai ki, na amana ne? Na gaji da amsawa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta gaba ɗaya. Sunan ofishin dai ba zan faɗa ba, don akwai inda zan yi ƙorafi, kuma har yau muna gaisawa da matar da ta riƙe takarduna. Ƙaramin ofishi ne a arewacin Jamus, mata biyu ke tafiyar da shi. Aikinsu haɗa matasan ƙasashen waje da iyalan da ke neman au pair, wato wadda za ta zauna gidansu ta taya su rainon yara, tana koyon harshe.

Na tafi a watan Oktoban 2022, bayan na gama lisans a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo na yi shekara guda ina zaune. Ranar da na kai wa Baba maganar, sai da ya gama lazimi sannan ya dube ni ya ce, "Yanzu da karatunki za ki tafi aikatau gidan Nasara?" Na ce masa ba aikatau ba ne, a takarda an rubuta ɗiyar gida za a ɗauke ni. Ya ce takarda ba ta taɓa wanke kwano ba. Gwaggo ce ta shiga maganar, ta yi ta zarya kusan wata biyu kafin ya sa albarka.

Ta fannin takardu ban da abin cewa sai yabo. Tun kafin in biya ko dala suka turo mini yarjejeniyar da Jamusanci da Faransanci, matar ta kira ni ta bidiyo muka bi ta layi-layi. Aiki ba zai wuce awa 30 a sati ba, kuma ba zai wuce awa 6 a yini ba. Kuɗin aljihu yuro 280 a wata, wajen jikka 183 ke nan a sefa. Ɗakina ni kaɗai, ci da sha da inshorar lafiya duk a wuyan iyalin, su kuma za su sa yuro 50 duk wata a kuɗin makarantar harshe (daga Mayun 2023 aka mai da shi 70). Hutun sati huɗu idan na cika shekara. Zaman ba ya gaza wata 6, ba ya wuce 12, kuma dole ki nemi biza kafin ki cika shekara 27. Ladan ofishin yuro 150, jikka 98 da ɗoriya, kuma ita da bakinta ta gaya mini dokar Jamus ba ta yarda a karɓi fiye da haka daga hannun au pair ba. Ku riƙe wannan adadin. Akwai wani a nan garin da ya nemi miliyan guda wajen ƙawata da sunan zai samo mata iyali, har yau ba iyali ba kuɗi.

Abin da ba su ɗauke mini ba, kuma ba su ɓoye ba, shi ne kuɗin jirgi da na biza da jarrabawar Jamusanci. Babu biza sai da A1, wato matakin farko na iya Jamusanci. Wata biyar na yi ina koyo a salula da dare, sannan na hau kar ta Ƙonni da Doso da Gaya, muka ratsa Benin har Lome, inda akwai cibiyar Goethe mai shirya jarrabawar Jamusanci. Wannan kafin a rufe iyaka a 2023 ne. Jarrabawar kashi huɗu ce, ji da karatu da rubutu da magana, ana neman maki 60 cikin 100. Na tsallake da ƙyar. Biza yuro 75. Tikiti kuwa adashin Inna ne ya tafi a kai, da buhunan ayar da Baba ya ajiye yana jiran ta yi tsada. Matar ofishin ta yi mini gwajin tambayoyin ofishin jakadanci har sau uku, ita ce kuma ta hana ni sa kilishi a jaka, ta ce nama da nono ba sa shiga Turai a kayan matafiyi. Kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa suka wuce lafiya.

Saɓaninmu na farko a kan hoto ne. Na tura wanda nake sanye da hijabi, aka yi wata biyu shiru. Sai ta ce mini, cikin ladabi dai, da zan turo wani kai a buɗe da iyalai sun fi saurin amsawa. Na ce wanda zai ga gashina a hoto ya ga hijabi a filin jirgi, wa aka yaudara? Ba ta sake tayar da maganar ba, amma sai da na ƙara jiran wata biyu.

Babban laifin ofishin nan yana cikin takardar tambayoyin da suke haɗa mutane da ita. Shafi huɗu ce. Kin iya ninƙaya? Kin iya keke? Kina shan taba? Kin taɓa canza wa jariri kunzugu? Sai wata tambaya a ƙasa: gashin dabba yana sa ki atishawa ko ƙaiƙayi? Ni da na tashi cikin awaki da tumaki, na rubuta a'a na wuce. Ashe a wajensu wannan a'ar tana nufin na yarda in zauna da kare. Da muka isa gidan, a wani ƙauye na jihar Niedersachsen, kafin maigidan ya sauke jakata wani ƙaton kare ya fito daga falo ya dafa ƙirjina yana lasar hannuna. Na ƙwalla ihu, yaran suka fashe da dariya. A kan kujera yake kwana, ya iya buɗe ƙofa da ƙafa, kuma babu inda yake so kamar kan dardumata. Fitar da shi yawo da safe ma, na tarar, yana cikin aikina. A duk shafi huɗun nan babu layi guda da ya tambayi salla, ko azumi, ko yadda nake ji da kare a ɗaki. Naman alade kaɗai suka sani game da Musulmi, shi kam an kiyaye.

Daren farko da yunwa na kwana, kuma wannan ban ɗora wa kowa ba sai tarbiyyar gidanmu. Ƙarfe shida aka jera burodi da cuku da yankakken kokwamba, duk da sanyinsu, wai abincin dare ke nan. Uwargidan ta miƙo mini, na ce na ƙoshi, ina jiran ta sake cewa in ci kamar yadda kowace uwa za ta yi a Bagalam ko Mokoyo. Ta ce to, ta mai da kayanta firji. A can idan kin ce a'a, an gama. Haka idan tana yi mini magana na sunkuyar da kai, sai ta ɗauka wani abu nake ɓoyewa. Ofishin ya turo mini takarda mai kyau a kan rabon shara, ta leda da gwangwani daban, ta takarda daban, ta ragowar abinci daban, da kwalaben da ake mayarwa kanti a karɓi santi 25, da cewa kantuna ba sa buɗewa ran Lahadi. Duk na amfana. Amma wanda ya san yadda ake renon ɗiya a ƙasar Hausa da ya fara da gaya mini in ajiye kara a filin jirgin Diori Hamani.

Ga sanyi. Lokacin ne yaƙin Yukren ya sa gas ya yi tsada, kowane gida yana rage ɗumama ɗaki. Cikin Disamba ƙarfe huɗu da ƴan mintoci rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korarsu, daidai lokacin ɗauko yara daga makaranta. Sanyin hunturunmu da muke kuka da shi, wasan yara ne.

A hankali aiki ya yi ta ƙaruwa. Yau guga, gobe goge tagogi, jibi za su fita cin abinci in zauna da yara. Ban ƙirga ba, don a gidanmu wa ke ƙirga awa idan babba ya sa shi aiki? Duk ƙarshen wata ofishin na turo saƙo, "Komai lafiya?", ni kuma in amsa lafiya lau, kamar yadda ake amsa gaisuwa. Wata uku muna wannan. Su da suka shekara suna kawo ƴan Afirka ya kamata su san lafiya lau ɗinmu ba rahoto ba ne.

Cikin Janairu na kira matar ina kuka. A nan ne na ga amfanin yuro 150 ɗina. Ba ta lallashe ni ba, ta ce in samo littafi in rubuta lokacin da na fara kowane aiki da lokacin da na gama, sati biyu cur. Da muka tara, satin farko awa 44, na biyu 47. Ta kira iyalin. Na lura yadda take tausasa murya da su, don kuɗin da suke biyan ofishin ya ninka nawa, kuma su ne za su sake dawowa baɗi neman wata. Sai da ta so in ƙara haƙuri wata guda. Da na ce a'a, irin a'ar can, ba ta ja ba. Yarjejeniyar ta ba kowane ɓangare damar sanarwar kwana 14, ta rubuta mini wasiƙar, ta gaya mini abin da zan kai ofishin baƙi don kada takardar zamana ta samu matsala, kuma kafin kwanakin su cika ta samo mini wani gida a Hamburg ba tare da ta karɓi ko santi ba. Kwana 14 ɗin nan dai ni kaɗai na sha su, ana cin abinci tebur guda ba mai ce wa wani uffan. Ƴar autar ce kawai take shigowa ɗakina in yi mata kitso.

Kafin in amsa gida na biyu ni na yi tambayoyina ta bidiyo, na rubuto su a takarda: akwai kare, ina zan yi salla, zan iya dafa nawa, wa ke rubuta awoyi. Uwargidan likita ce, ta yi dariya ta ce ba a taɓa yi mata irin wannan tambayar ba, ta amsa duka. A gidanta na yi azumin 2023, wanda ya kama a ƙarshen Maris. Kwanakin ƙarshe sai wajen takwas da rabi ake shan ruwa, ta mai da aikina na safe don in huta da yamma. Ran hutuna nakan je titin Steindamm kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, inda ake samun naman halal da masallatai. A wani kanti can na ji wani dattijo yana waya yana cewa "wallahi ban da ko dala", na tsaya kamar an dasa ni. Mutumin Tasawa ne. Matarsa ce ta fara ba ni tuwo bayan wata biyar.

Maganar kuɗi, kada wadda ta yi lissafin gini. Jikka 183 tana da kauri a Maraɗi, a Hamburg rigar sanyi da takalmi da cikon kuɗin makaranta sun cinye rabi. Abin da na iya turo wa Inna bai kai adashinta ba sai a wata na tara. Na dawo da takardar B1, mataki na uku na Jamusanci, ita nake koyarwa da ita yanzu a zauren gidanmu. Dawowar ma sai da ta zo da nata, don bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe sararin samaniyar Nijar daga 6 ga Agusta har 4 ga Satumba, ina ta duba waya ina lissafin kwanakin da suka rage a takardar zamana. Matar ofishin ta kira ni sau biyu a lokacin, alhali aikinta da ni ya riga ya ƙare.

Ƙanwata ta cika 19 bana, ta ce ita ma za ta. Ofishin nan zan kai ta, don ba su ci mini ko dala ba bisa ƙa'ida ba, kuma ranar da na kira sun ɗauka. Amma takardar tambayoyin tare za mu cika, kuma na riga na saya mata littafin rubuta awoyi a babbar kasuwa. Baba bai ce komai ba tukuna, Gwaggo ta fara zarya.