Masaukin masu binciken taurari a Sutherland, yadda na same shi

Masu tambayata yaya zama yake a tashar hangen taurari ta SAAO (cibiyar binciken taurari ta ƙasar Afirka ta Kudu) da ke Sutherland, musamman ɗalibanmu da ke shirin zuwa Afirka ta Kudu karatun ilimin taurari a ƙarƙashin shirin NASSP (shirin ƙasar na horar da ɗalibai a ilimin taurari da sararin samaniya), to ga abin da na gani. A taƙaice dai wurin nan an tsara shi ne kacokan don mutumin da dare ne ranarsa, kuma wallahi sun iya wannan abin, tun daga labulen ɗaki har lokacin da ake sauke tukunya.

Wurin yana cikin yankin Karoo ne a lardin Northern Cape, daga Cape Town tafiyar wajen awa 4 ce a mota, za ka bi babban titin N1 har Matjiesfontein sannan ka yanki R354 ka yi ta hawa, babu gari babu komai sai duwatsu da gajerun ciyayi da tumaki jefi-jefi. Tashar kanta tana bisa wani tudu mai tsayin kusan mita 1,800, daga cikin garin Sutherland sai ka ƙara kamar kilomita 15. A farkon shekarun 1970 aka dawo da aikin nan saboda hasken lantarkin birane ya hana a ga sama da kyau. Duk abin da ka san ba ka iya zama babu shi, magani ne, caja ce, yaji ne, ka saye shi tun a Cape Town, don garin ƙarami ne sosai kuma ba za ka so ka yi ta sauka da hawa ba.

Ɗakunan hostal ɗin ba wani ƙawa gare su ba, gado ne da tebur da hita da barguna masu nauyi da ruwan zafi, amma tsaf suke, abin da ya fi burge ni shi ne labule, idan ka ja shi da tsakar rana ɗakin zai yi duhu ƙirin kamar ka shiga rumbu an rufe. Kuma kowa a gidan ya san akwai masu barci da rana, ma'aikata ba sa ɗaga murya a baranda, ba a buga ƙofa, ba a kunna waƙa, mutum zai dawo daga aiki bayan fitowar rana ya kwanta har azahar babu abin da zai tashe shi. Wanda bai taɓa kwana biyar shida a jere yana aikin dare ba ba zai gane darajar wannan shirun ba, ni kam a wajena ya fi duk wani kayan alatu.

Abinci ma haka yake bin agogon masu aiki. Ana cin na yamma da wuri tun rana ba ta faɗi ba don kowa ya samu ya hau tudu ya buɗe ƙubba, wato ginin da madubin hangen taurari ke ciki, ya shirya na'urori, sannan akwai abincin tsakar dare da ake haɗa maka ka tafi da shi, sanwici da 'ya'yan itace da abin sha, ka cika filas da shayin rooibos. Teburin cin abincin yamman nan ni a nan na fi ƙaruwa, don za ka zauna da injiniyoyi da masu bincike daga ƙasashe daban-daban ana ta hirar gajimare da iska da na'urar da ta ba wani wahala jiya, ɗalibi ya yi tambaya babba ya amsa masa ba girman kai. Maganar halal kuwa ka sanar da su tun kafin ka taso, ni na faɗa musu abin da ba na ci kuma sun kula, kifi da ƙwai da ganye ba su yanke min ba. Naman ragon Karoo ya yi suna a duk ƙasar, amma idan kana son wanda ka tabbatar da yankansa gara ka taho da shi daga Cape Town inda Musulmi suke da yawa kuma mahautan halal ba sa wuyar samu.

Sallah ba ta ba ni matsala ba, sai dai ka lura alƙibla a can arewa ce ka ɗan karkata gabas kaɗan, ba gabas ɗin da muka saba fuskanta a gida ba. A lokacin sanyinsu, wato Yuni da Yuli, daga faɗuwar rana zuwa fitowarta wajen awa 14 ne, magariba da isha'i da asuba duk a bakin aiki za su same ka, don haka ka hau da dardumarka.

Sanyin fa ba wasa ba ne. Sutherland na cikin garuruwan da suka fi ko'ina sanyi a Afirka ta Kudu, an taɓa auna ƙasa da sifili da digiri 16 a shekarar 2003, ƙanƙara kan sauka wani lokacin, ga iska mai ratsa ƙashi ga bushewa, leɓe da hannu su tsage idan ba ka shafa mai. Cikin ƙubba kuma ba a ɗumama ta, saboda iska mai zafi tana sa hoton tauraro ya riƙa rawa, sai a ɗakin kwamfutoci ne za ka ji ɗumi. Safar hannu, hular sanyi, takalmi rufaffe, duk dole ne.

Dokar haske ita ce abin da baƙo zai fi jin baƙonsa, da dare ba a haska fitilar mota mai ƙarfi a kan tudun, tocila ma ƙasa ake nuna ta, tagogi duk a rufe. Da farko za ka ji kamar takura ce, amma ka fita waje ka tsaya minti goma idonka ya saba, subhanallah, farin zanen taurarin nan da ya ratsa sama zai fito ɓaro-ɓaro a bisa kanka, ga gajimaren Magellan guda biyu can kudu, waɗanda tarin taurari ne masu zaman kansu, gab da asuba kuma Kaza da 'Ya'yanta su leƙo ta arewa maso gabas.

Da rana idan ka tashi akwai falo da talabijin, intanet yana aiki sosai tunda da shi ake tura bayanan bincike, kiran gida ta WhatsApp bai taɓa gagara ta ba. Ni na fi son in taka a ƙafa in zaga tudun, barewar springbok na kiwo kusa da ƙubbobi abinsu. Daga nan za ka ga SALT, babban madubin hangen nesan da aka buɗe a 2005, madubinsa ƙanana ne guda 91 masu kusurwa shida aka jera suka ba da faɗin kusan mita 11, kuma shi ba kowa ke zuwa ya sarrafa shi ba, masu bincike suna turo buƙatunsu ne ma'aikatansa su ɗauko musu bayanan. Ɗalibi ya fi samun taɓa ƙananan, irin mai mita 1.9 da aka kawo daga Pretoria ko Lesedi mai mita 1. Koriya ta Kudu da Japan ma suna da nasu a tudun.

Wani daren raɓa ko iska za ta yi yawa a ce kowa ya rufe ƙubba, wannan ba laifin kowa ba ne, ka tafi da aikin da za ka yi a laftof. Wanda kuma ba bincike ya kai shi ba, yawon buɗe ido kawai, masaukin nan ba nasa ba ne, sai ya kama ɗaki a cikin gari ya yi bukin na zagayen cibiyar baƙi tun da wuri, akwai na rana akwai na dare, kuma ya duba kwanan wata kafin ya zaɓi rana, ƙarshen wata ko farkonsa ya fi, don farin wata na 14 yana dushe yawancin taurarin.